Iskar oksijin a ƙarƙashin matsi: abin da take yi wa ƙwaƙwalwa da inda ƙarfinta ya tsaya

Cikin sanyin hunturu, uwa ta hura gawayi a kasko ta shigar da shi ɗaki don yara su ji ɗumi, ta ja ƙofa, ta cusa tsumma a kafar taga saboda ƙura. A wani gidan kuma maigida ne ya jawo janareta ya ajiye a lungun da ke bakin taga don gudun ɓarayi. Gari ya waye aka ji shiru. Da aka ɓalle ƙofa sai ga mutanen ɗakin a sheme: wannan na amai, wancan ya dafe kai yana cewa zai tsage, autan kuwa ko motsi ba ya yi. Nan da nan wasu za su ce tuwon dare ne, wasu su ce iska ce ta taɓa su. Iska ce kuwa, sai dai ba ta aljanu ba. Sunanta kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ƙwaƙwalwa take fara kayarwa.

A asibitocin da ke da kayan aiki, wanda irin wannan guba ta yi wa mugun kamu ana iya shigar da shi wani ɗakin ƙarfe mai kama da tankin mai da aka kwantar, a rufe ƙofa ruf, a riƙa tura iska ciki har matsinta ya ninka wanda muke rayuwa a ciki sau biyu ko uku, shi kuma yana shaƙar zallar oksijin. Mutum zai ji kunnuwansa sun toshe kamar mai hawan dutse a mota, ya riƙa haɗiyar yawu don su buɗe, ɗakin ya ɗan yi ɗumi lokacin da ake ƙara matsin. Ninki biyu daidai yake da nutsewa mita 10 a cikin teku, ninki uku kuma mita 20. Bayan awa ɗaya da rabi ko biyu sai a sassauta a hankali a fito da shi. To me wannan zaman ya canza a cikin kansa? Kafin a gane amsar sai an san yadda ƙwaƙwalwa ke cin abincinta.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita kaɗai ke laƙume kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin da jiki ke amfani da ita idan mutum yana hutawa. Jini kimanin mililita 750 ke ratsa ta a kowane minti. Duk da wannan ci, ba ta ajiye komai don gobe, zaman hannu baka hannu ƙwarya take yi. Shi ya sa idan jini ya tsaya, cikin daƙiƙa goma ko makamancin haka mutum ya suma, bayan 'yan mintoci kuma ƙwayoyinta su fara mutuwa.

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu ƙananan murahu da ake kira mitokondiriya. A nan ake ƙona sukari a hankali, mataki bayan mataki, a samar da wani sinadari mai suna ATP, wanda shi ne kuɗin kashewar ƙwaya. Duk aikin da za ta yi da shi take biya. Oksijin tana tsaye ne a matakin ƙarshe, tana karɓar ragowar abin da aka ƙona ta mayar da shi ruwa. Idan tana nan, ƙwayar sukari ɗaya na ba da ATP kusan 30. Idan babu ita, layin gaba ɗaya ya cushe tun daga ƙarshe, ƙwaya ta koma wata gajeriyar hanya da ke ba da 2 kacal, ta kuma bar wani tsami mai suna laktet yana taruwa. Daga 30 zuwa 2, wannan ba tsuke bakin aljihu ba ne, karayar arziki ce.

Kuma mafi yawan kuɗin nan a wuri ɗaya ake kashe shi. Ƙwayar jijiya kamar kwale-kwale ce mai yoyo: gishirin sodiyam kullum yana kutsowa ciki, wasu ƙananan famfuna a jikin bangonta kuma suna kwarfar da shi waje ba dare ba rana. Da zarar ATP ya yanke, famfunan su tsaya, gishiri ya shigo, ruwa ya biyo shi, ƙwayar ta kumbura. Daga nan sinadarin gulutamet ya kwararo fiye da kima, kalsiyam ya afka ciki ya tayar da abubuwan da ke narkar da ƙwayar daga ciki. Ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne, ba ya buɗawa. Kumburi ya matse hanyoyin jini, jini ya ragu, oksijin ta ƙara ƙaranci, kumburin ya ƙaru. Wannan zagayen shi likitoci ke son tsinkewa.

Yanzu mu koma ga jini. Hanya biyu oksijin ke bi a cikinsa. Babbar hanyar ita ce himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda ke ɗaukar kimanin mililita 20 na oksijin a kowace mililita 100 ta jini. Sai dai a jikin mai lafiya wannan motar ta riga ta cika, kujeru 97 ko 98 cikin 100 duk da fasinja a kai. Ko ka ba shi oksijin ta duniya, kujera biyu ko uku kawai za ka ƙara cikewa. Hanya ta biyu ƙarama ce ƙwarai: oksijin da ta narke kai tsaye a cikin ruwan jini, wadda ba ta wuce mililita 0.3 ba. Ba a ma cika lissafa ta ba. Amma ita ce ba ta da iyakar kujeru, kuma a kanta dukan hikimar ɗakin matsi ta ginu.

Duk wanda ya taɓa buɗe lemon kwalba ya ga ƙa'idar da idonsa. Kafin a buɗe, lemon a kwance yake, ba kumfa, alhali cike yake da iskar da aka danna masa da ƙarfi har ta narke. Ana cire marfi matsin ya sauka, iskar ta taso. Wani masanin sinadarai ɗan Ingila, William Henry, shi ya bayyana wannan a 1803: gwargwadon matsin iska a kan ruwa, gwargwadon yawan da zai narke a cikinsa. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, kuma ƙarfinta a jinin da ya baro huhu kusan 100 ne a ma'aunin milimita na zaiba. Idan aka sa wa mutum zallar oksijin ba tare da matsi ba, adadin na iya kaiwa wajen 600, abin da ya narke ya kusanci mililita 2. Idan aka ninka matsin sau uku, adadin ya doshi 2,000, narkakkiyar oksijin ta kai kimanin mililita 6. Wannan lambar tana da muhimmanci, domin kusan abin da jiki mai hutawa ke cira daga kowace mililita 100 ta jini ke nan. Ma'ana, ruwan jini shi kaɗai ya kusa ɗaukar nauyin da himogulobin ke ɗauka.

Wani likitan tiyata a Amstadam ta ƙasar Holan, Ite Boerema, ya gwada haka a aikace, ya wallafa sakamakon a 1960. Ya zuƙe jinin aladu ya maye gurbinsa da ruwan da ba shi da jajayen ƙwayoyi har himogulobin ɗinsu ya kusa ƙarewa ƙaf, yana riƙe da su a cikin matsi ninki uku. Dabbobin suka ci gaba da rayuwa, da aka mayar musu da jini aka fito da su kuma suka tashi.

Sai dai ƙwaƙwalwa ba ta buɗe baki ta karɓi duk abin da aka turo mata. Da ta ji oksijin ta yi yawa sai ta tsuke hanyoyin jininta. Seymour Kety da Carl Schmidt sun auna a 1948 suka ga shaƙar oksijin kusan zalla na rage jinin da ke shiga ƙwaƙwalwa da kimanin kashi 13 cikin 100. Bayan 'yan shekaru Christian Lambertsen da abokan aikinsa suka ga a matsi ninki uku da rabi raguwar na kaiwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Mai karatu zai ce to ai an yi ba a yi ba. A'a. Jinin ya ragu, amma kowane ɗigonsa ya zo da kayan da suka ninka, don haka oksijin da ke cikin tsokar ƙwaƙwalwa, wadda a al'ada take tsakanin 20 da 40 a wancan ma'auni, tana iya haurawa ɗaruruwa. Ga kuma riba ta biyu ga kan da ya kumbura: jini kaɗan a cikin ƙoƙon kai na nufin matsin da ke ciki ya sassauta.

Akwai kuma batun nisa, wanda masanin Denmak August Krogh ya yi aiki a kai har ya samu kyautar Nobel a 1920. Ba kowace ƙwaya ce ke maƙwabtaka da hanyar jini ba. Oksijin na fita daga siririyar jijiya ne ta yi ta ratsawa zuwa ƙwayoyin da ke nesa, kuma ƙarfinta na raguwa a hanya. Duk wanda gidansa ke ƙarshen layin famfo ya san wannan: ranar da ruwa ya zo da rauni na bakin titi ne ke samu, ranar da ya zo da ƙarfi har gidan ƙarshe tulu na cika. Idan kumburi ya nisanta ƙwayoyi da jijiyoyinsu, ƙarin matsi shi ke kai oksijin gidan ƙarshe.

A nan ne nake ganin mutane da yawa ke ɓata hanya. Isar oksijin wuri daban, amfani da ita daban. A ma'aunin Lambertsen, ƙwaƙwalwar masu lafiya ba ta ƙara yawan oksijin da take ƙonawa ba duk da ambaliyar da aka yi mata. Murhun mitokondiriya oksijin kaɗan ƙwarai yake buƙata don ya ci da kyau, kuma abin da ke ƙayyade yawan cinsa shi ne aikin da ƙwayar ke yi, ba yawan iskar da ke kewaye da shi ba. Tulun da ya cika, ko kogi ka juye masa ba zai ƙara ɗaukar komai ba. Ƙwayar da ta mutu kuma ta mutu. Wadda ke amfana ita ce ta tsakiya, wadda ta galabaita saboda rashin oksijin, ta daina aiki, amma da sauran numfashi a jikinta.

Mutanen ɗakin nan na hunturu su ne misali mafi bayyana. Kabon monoksaid na manne wa himogulobin da ƙarfin da ya fi na oksijin sau 200 zuwa 250. Ta ƙwace kujerun, sannan ta sa oksijin da ta rage a kan sauran kujerun ta ƙi sauka inda ake buƙatarta. Ba ta tsaya nan ba, tana shiga cikin ƙwaya ta toshe wancan mataki na ƙarshe a cikin mitokondiriya, daidai wurin da oksijin ke tsayawa. Ta tare hanya, ta kuma kashe murhu. Idan aka bar mutum yana shaƙar iskar gari, sai an yi awa huɗu zuwa biyar kafin rabin gubar ya bar jininsa. Da zallar oksijin a takunkumin fuska, awa ɗaya da 'yan mintoci. A ɗakin matsi kuwa, minti 20 da ɗoriya. Kuma yayin da ake wannan korar, narkakkiyar oksijin na ciyar da ƙwaƙwalwa ba tare da ta jira himogulobin ba. Tun 1895 John Scott Haldane ya nuna ɓera na iya rayuwa a cikin wannan guba muddin yana cikin oksijin mai matsi, kuma a 1960 aka fara yi wa mutane wannan magani a Gilasgo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan guba shi ne dawowarta. Mutum ya farfaɗo, an sallame shi, 'yan uwa sun yi barka, sai bayan kwanaki ko makonni ya fara mantuwa, halinsa ya canza, tafiyarsa ta rikice, wani har fitsari ya riƙa kuɓuce masa. Binciken Stephen Thom a kan ɓeraye ya nuna cewa bayan gubar ta wuce, fararen ƙwayoyin jini na manne wa bangon jijiyoyin ƙwaƙwalwa su saki sinadaran da ke lalata kitsen da ya lulluɓe jijiyoyi, kuma oksijin mai matsi na hana su mannewa. A 2002 Lindell Weaver da tawagarsa a birnin Salt Lake na Amurka suka wallafa gwaji a kan mutum 152. Waɗanda aka shigar ɗakin matsi sau uku cikin awa 24, kashi 25 cikin 100 ne aka samu da matsalar tunani bayan mako shida. Waɗanda aka ba oksijin ba matsi, kashi 46. Amma wani gwajin da aka yi a Ostireliya a kan mutum 191, wanda ya fito a 1999, bai ga wata riba ba, kuma har yau masana na ja-in-ja a kan tsarin gwaje-gwajen biyu. Ko a nan ke nan, inda hujjar hankali ta fi ƙarfi, likitoci sun fi karkata ga ware wannan magani don waɗanda suka suma, ko zuciyarsu ta taɓu, ko mai juna biyu, domin jinin ɗan tayi ya fi riƙe gubar.

A mummunan raunin kai, irin na hatsarin mota da babur, labarin ya fi sarƙaƙiya. Gaylan Rockswold a Miniyapolis ya gwada matsi ninki ɗaya da rabi a kan majinyata 168, sakamakon ya fito a 1992. Mace-mace sun sauka daga kashi 32 zuwa 17 cikin 100. Sai dai adadin waɗanda suka warke suka koma rayuwa mai kyau bai ƙaru ba, kuma wannan magana ce mai nauyi ga duk wanda ya taɓa jinyar ɗan uwan da ke kwance bai san inda yake ba. Aune-aunen da tawagar ta yi daga baya sun nuna wani abu mai jan hankali: bayan an fito da majinyaci, laktet a ruwan ƙwaƙwalwarsa ya ragu, a waɗanda jinin da ke shiga ƙwaƙwalwarsu ya yi ƙasa kuma ƙona oksijin ya ƙaru, har tsawon awanni. Ƙarin oksijin ɗin kansa cikin mintoci yake bajewa da zarar an sauke matsi. Abin da ya saura shi ne murhun da aka sake hurawa.

Murhu kuma ba ya ci ba tartsatsi. Duk lokacin da mitokondiriya ke aiki, wani ɗan kaso na oksijin na kuɓucewa ya zama wasu sinadarai masu ƙuna da ke cin kitse da furotin da ƙwayoyin gado. Jiki na da masu kashe wannan gobara, amma ƙarfinsu na da iyaka. Idan matsin ya yi yawa ko zaman ya yi tsawo, tartsatsin ya fi ƙarfinsu, ƙwayoyin jijiya su harzuƙa, mutum ya kama jijjiga kamar mai farfaɗiya. Bafaranshe Paul Bert ne ya bayyana haka a 1878, a 1899 kuma Lorrain Smith ya nuna yadda doguwar shaƙa ke ƙona huhu. Shi ya sa ba a wuce ninki uku idan ana shaƙar zallar oksijin a magani, kuma a tsarin da yawa akan dakatar da oksijin na minti biyar lokaci zuwa lokaci mutum ya shaƙi iskar gari. A hannun ƙwararru jijjigar ba ta cika faruwa ba. Abin da aka fi gani shi ne ciwon dodon kunne, da raunin hangen nesa na ɗan lokaci ga wanda ya yi zama da yawa.

Sai wuta ta zahiri. A cikin oksijin mai matsi, abin da ba ya ci a waje yana kamawa kamar fetur. Ba a shiga da waya, ko ashana, ko man shafawa, ko turare, tufafin ma sai na auduga da aka tanada. A watan Oktoban 1997 gobara a irin wannan ɗaki ta kashe mutum 11 a Milan ta Italiya, a watan Janairun 2025 kuma wani yaro ɗan shekara biyar ya rasu a jihar Mishigan ta Amurka.

Tarihin wannan fanni cike yake da alkawarin da ya wuce hujja. A 1928 wani likita, Orval Cunningham, ya gina wata ƙatuwar ƙwallon ƙarfe mai hawa biyar a Kilibland, yana kwantar da masu ciwon sukari da daji a cikin matsattsiyar iska. Bai kawo hujjar da ta gamsar da likitoci ba, a 1942 aka farfasa ginin aka kwashe ƙarfen. Yau tallan ya koma intanet, kuma iyayen yara masu lalurar ƙwaƙwalwa ake yi wa. A Kanada an gwada yara 111 masu shanyewar gaɓoɓi ta dalilin raunin ƙwaƙwalwa tun haihuwa, sakamakon ya fito a 2001. Rabi sun yi zama 40 a oksijin mai matsi ninki 1.75, rabi kuma a iskar gari da aka ɗan matsa zuwa 1.3. Duka ɓangarorin sun nuna ci gaba, kuma babu wanda ya fi wani. Masu goyon baya sun ce ai ɗan matsin nan ma magani ne. Ni dai abin da na karanta a ciki shi ne, zallar oksijin mai yawa ba ta ƙara wa yaran komai ba, kuma kulawar da ake ba yaro kullum tsawon wata biyu ita ma tana da nata tasirin. Mafi yawan gwaje-gwajen da rundunar sojin Amurka ta ɗauki nauyi a kan sojojin da suka samu ƙaramin raunin kai su ma haka suka ƙare, ɗakin gaske bai fi na kwaikwayo ba. Jerin cututtuka 13 da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar a 2021, waɗanda ta amince a yi musu wannan magani, ya ƙunshi gubar kabon monoksaid, kumfar iska a jijiya, ciwon masu nutso a teku, gyambon ƙafar mai ciwon sukari, illar gasa cutar daji da na'ura da makamantansu. Babu galahanga a ciki, babu shanyewar ɓarin jiki, babu cutar mantuwa ta tsufa. Uban da ke shirin sayar da gona don ya kai ɗansa waje ya cancanci a gaya masa wannan kafin ya sa hannu a takarda.

Su kuwa mutanen da aka ɓalle wa ƙofa da safe, mafi yawan abin da zai cece su ba ya buƙatar ɗakin ƙarfe, wanda dama ba kowane asibiti ke da shi ba. A buɗe ƙofa da tagogi, a fito da kowa fili, a kashe janareta ko a fitar da kaskon. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, ba sa taɓa gubar da ke cikin jini, kuma suna iya sarƙe shi su gangara huhu. A garzaya asibiti da dukan waɗanda suka kwana a ɗakin, har da mai cewa shi ciwon kai kawai yake ji, a faɗa wa ma'aikatan jinya ƙarara cewa an kwana da gawayi ko janareta. Wannan bayanin na da amfani, domin 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ba ta bambance himogulobin mai ɗauke da oksijin da mai ɗauke da guba, tana iya nuna 98 alhali mutum na cikin hatsari. A sa musu oksijin da takunkumi tun daga isowa, a bar ta awanni ko da sun ce sun ji sauƙi. Bayan sallama kuma a sa musu ido har mako shida. Idan uwar ta fara manta inda ta ajiye abu, ko yaron da ke da surutu ya koma shiru, ko maigida ya riƙa tangaɗi a tafiya, a koma wurin likita a tuna masa da daren kaskon.